Yadda ake haɗa katako kala-kala don sassaƙa alƙalami

Alƙalamin da aka haɗa da fari da baƙi, zobe bisa zobe, shi ne wanda mutum zai karɓa ya yi ta jujjuyawa yana neman inda aka yi haɗin. Idan yanzu ka fara aiki da injin sassaƙa mai juyawa, shawarata ɗaya ce: huda katakon tukuna, sannan ka yanka shi zobe-zobe. Sabon hannu yakan yi ɓarna wajen huda.

Samo sanda biyu irin waɗanda ake yankawa don alƙalami, milimita 19 kowane gefe, tsawo wajen 125. Ɗaya mai haske kamar mapul, ɗaya mai duhu kamar walnot. Su kasance busassu ƙayau. Kayan haɗin alƙalami, wato ƙarafunansa da ake saya, wanda ya fi sauƙi shi ne Slimline, mai bututun tagulla biyu da ake huda wa rami na milimita 7.

Raba kowace sanda biyu, ka yi alamar tsakiya, ka huda. Yi a hankali, kana ɗago bakin hudar bayan kowane ɗan shiga don garin katako ya fita. Dalilin farawa da huda shi ne zafi. Idan ka riga ka manna guntayen sannan ka huda, bakin ƙarfen yana ɗaukar zafi, gam ya yi laushi, sai ka ji "ƙas", haɗin ya rabu a hannunka.

Yanzu yanka zobba, kauri milimita 5 zuwa 10. Kada ka riƙe ƙaramin guntu da yatsa kusa da zarton inji. Ƙaramin zarton hannu da akwatin saita yanka sun wadatar.

Nan ne aikin yake. Shimfiɗa samfefa a kan gilashi, ka goga fuskar kowane zobe har ta kwanta sumul. Haɗa biyu ka ɗaga su saitin fitila. In haske ya ratso tsakaninsu ko da kamar silin gashi ne, koma kan samfefa. Gam ba ya ɓoye wannan giɓi, bayan an sassaƙa zai fito kamar zanen baƙin zare. Katako mai maiƙo irin eboni kuwa, goge fuskarsa da asiton, sinadarin da ke cire maiƙo, kafin gam.

Kankare bayan bututun da samfefa don gam ya kama, ka toshe bakinsa da kakin zuma don kada gam ya shiga ciki. Na fi son gam ɗin efoksi mai ɗaukar minti 30 kafin ya kama a kan sufa gulu, domin yana ba ka sararin gyara jeri. Shafa a bututu da fuskar kowane zobe, ka zura su ɗaya bayan ɗaya, fari, baƙi, fari. Siririn falle na katako ko na gwangwanin lemo da aka kankare, aka huda, in ka sa shi tsakani yana fitar da layi mai ɗaukar ido. Bari katakon ya ɗara bututun kaɗan a kowane baki. Matse, ka bar shi ya kwana.

Washegari daidaita bakunan da faifan samfefa har ka taɓa tagulla. Kada ka yi amfani da wuƙar daidaita baki, don takan fizge zoben ƙarshe.

Rage kusurwoyin huɗu kafin ka ɗora a inji, ka sa kariyar fuska. Kurfinka, wato ƙarfen sassaƙa, ya zama mai kaifi, ka riƙa ɗiba kaɗan-kaɗan, don taurin katakon biyu ba ɗaya ba ne. Kafin gugar ƙarshe, shafa sufa gulu mai ruwa-ruwa ya toshe ƙofofin katakon, in ba haka ba garin walnot zai shige cikin mapul ya dusashe farinsa. A buɗe taga, tururin sufa gulu yana yaji a ido. Sai ka bi samfefa daga lamba 150 har 600, kana tsayar da injin bayan kowace lamba ka goga ta tsawon alƙalamin.