Yadda nake gyara kwamfutar Kawu ba tare da na taka ƙofar gidansa ba

Tun da Kawu ya yi ritaya ya sayi kwamfuta don rubuce-rubucensa, na zama makanikensa ba tare da an nemi shawarata ba. A da idan ya kira sai mu shafe awa guda a waya, ina cewa "Kawu, ku duba can sama ta hagu," yana cewa "ni fa ban ga komai ba." Yanzu minti goma ya ishe mu, domin ina shiga kwamfutarsa daga inda nake zaune, in ga abin da yake gani, in motsa kibiyar allonsa da hannuna. Manhajojin da ke wannan aiki da yawansu kyauta ne.

Kafin ka zaɓi ɗaya, ka tuna da wanda ke can ɗaya ɓangaren. Kai ka iya saukewa da girkawa, shi kuwa matakin farko shi kaɗai zai yi, ba ka ganin allonsa tukuna. Saboda haka wadda ta fi masa sauƙi ita nake ɗauka, ko da wata ta fi ta kayan aiki.

Idan ku biyun kuna kan Windows 10 ko 11, fara da Quick Assist, domin yawanci tana cikin kwamfutar tun asali. Ka ce ya danne Ctrl da maɓallin Windows tare, sannan ya taɓa Q. Kai ma ka buɗe taka, ka danna Help someone, ka shiga da asusunka na Microsoft. Shi ba ya bukatar asusu, kuma wannan kaɗai ya isa in fifita ta. Za ta ba ka lamba mai gurbi 6 wadda ke mutuwa bayan minti 10. Karanta masa a hankali, ko ka tura masa ta saƙo idan kunnensa na rikita B da D. Zai rubuta ta, ya danna Allow, sai allonsa ya bayyana a gabanka. A nan kallo kawai kake yi. Sai ka danna Request control, shi kuma ya sake amincewa, sannan linzamin ya dawo hannunka.

Idan ɗayanku yana kan Mac, Linux ko Chromebook, sai Chrome Remote Desktop ta Google. A buɗe remotedesktop.google.com/support a burauza. Wanda ake taimaka wa zai sauke wani ɗan ƙarin manhaja a karon farko, ya danna Generate Code, ya samu lamba mai gurbi 12. Minti 5 kacal take yi, don haka kada ya fitar da ita sai ka shirya. Kowannenku yana bukatar asusun Google. Duk bayan minti 30 za ta tambaye shi ko a ci gaba, shi ya sa nake cewa Kawu kada ya tashi ya bar ni da kwamfutar.

Ranar da intanet ɗinsa ke jan ƙafa, AnyDesk nake nema. Fayil ne ƙarami, yana buɗewa ko ba a girka shi ba. Zai ga lambar adireshinsa a sama, ya karanta maka, ka rubuta a taka, ya danna Accept. TeamViewer, wadda ta fito tun 2005, kusan haka take, sai dai ita lamba da kalmar sirri take bayarwa, kuma tana da ƙaramin samfuri mai suna QuickSupport don wanda ake taimaka wa. Duka biyun na kamfanonin Jamus ne, kuma kyautarsu ta amfanin kai ce, wato 'yan uwa da abokai. In gyaran kwamfuta sana'arka ce ana biyanka, sharaɗinsu shi ne ka sayi lasisi. Mai wannan sana'a ya leƙa RustDesk: buɗaɗɗiyar manhaja ce, wato kowa na iya duba yadda aka rubuta ta, har kana iya kafa sabarka ta kanka, wato kwamfutar da ke haɗa ɓangarorin biyu, hulɗar ta riƙa bi ta na'urarka. Amma Remote Desktop da ke cikin Windows kada ka ɓata lokaci da ita a wannan aiki. Ba ta karɓar baƙo a Windows Home, kuma da ka shiga sai ta kulle allon mai kwamfutar, ba zai ga abin da kake yi ba.

Abu biyu ne suka fi rikita sabon shiga. Na farko, kana cikin girka wani abu sai allonka ya yi baƙi ko ya tsaya cak. Galibi Windows ce ta fito da tambayar izinin mai iko, kuma shi kaɗai yake ganinta. Ka ce ya danna Yes, hoto zai dawo. Na biyu a Mac ne: sai an shiga Privacy & Security an ba manhajar izinin ɗaukar allo da na sarrafa na'ura, in ba haka ba za ka shiga amma ka ga duhu, ko ka ga allo linzami ya ƙi motsi.

Kada ka kashe waya ko da ka shiga. Na taɓa son gyara masa firinta, na ga dabara ce in sake saita netiwok ɗin kwamfutar gaba ɗaya. Ina dannawa na yanke reshen da nake zaune a kai. Kwamfutar ta manta kalmar sirrin Wi-Fi, shi ma bai tuna inda ya rubuta ta ba, muka koma "danna can" da "ban gani ba" har dare. Tun daga ranar duk abin da ya shafi intanet ɗin kanta ba na taɓa shi daga nesa sai na tabbata yana da kalmar a takarda a gabansa.

Kafin in shiga nakan ce ya rufe hotuna, wasiƙu da shafin banki. Idan ana bukatar kalmar sirri, shi yake rubutawa. Ina kuma faɗin abin da nake yi da baki, don ganin kibiya tana yawo ita kaɗai yana tayar wa mutum hankali. Ba na saita shiga ba tare da izini ba sai in dole, kuma in na gama, shi nake bari ya danna maɓallin rufewa don hannunsa ya saba.

Da waɗannan manhajoji 'yan damfara suke aiki. Su kira mutum su ce daga banki ko kamfanin kwamfuta suke, su sa shi ya karanta musu lamba, su shige. Don haka na yanka takarda na manna a gefen allon Kawu, na rubuta da manyan baƙaƙe cewa kada ya ba kowa lambar sai ni, kuma sai in shi ne ya kira ni da kansa. Makon jiya ni na fara kiransa na nemi lambar, sai ya kashe wayar ya kira ni.