Babi na Shida: Buga Doguwar Bana a Babban Injin Tawada

Darasi na 1: Awo

Kafin ku kunna inji, ku ɗauki tef ɗin awo ku auna faɗin bandir ɗin fileks, wato ledar da ake buga bana a kai, da hannunku. Injinan da aka fi samu a shagunan buga bana faɗinsu mita 1.6 ne, ko 1.8, ko 3.2, kuma sabon bandir yakan kai mita 50 a tsawo. Hoton ba zai wuce faɗin inji ba, amma tsawonsa yana tafiya har inda bandir ya ƙare. Mita ɗaya santimita 100 ce, ƙafa ɗaya kuwa santimita 30.48. Idan mai aiki, wato wanda ya kawo aikin, ya ce ƙafa 30 yake so, ku rubuta a takarda ku karanta masa, sannan ku duba a manhajar zane ta CorelDRAW ko ma'aunin shafin yana kan ƙafa ne ko santimita, domin lambar 30 ɗaya ce a ido, amma aikin da za ta fitar ya sha bamban.

Darasi na 2: Ɗora bandir a miƙe

Nan ne akasarin ɗalibai suke tuntuɓe, kuma ba abin kunya ba ne, hannu ne bai saba ba tukuna. Ku zura bandir a sandar da ke bayan inji, fuskar da za a buga tana kallon sama. Ku ɗaga hannun da ke sakin ƙananan tayoyin da suke danne fileks, ku turo bakin fileks ɗin ta ƙarƙashinsu, sannan ku zagayo gaba ku jawo kamar mita ɗaya da hannu biyu, ɗaya a gefen dama, ɗaya a gefen hagu, da ƙarfi iri ɗaya. Kada ku sauke tayoyin tukuna. Ku mayar da abin da kuka jawo baya a hankali har ya ɗame, ku duba ko gefen fileks na gaba ya yi layi ɗaya da gefen bandir na baya. Idan sun yi layi ɗaya, ku sauke tayoyin. Idan ba su yi ba, ku sake jawowa.

Ga dalilin wannan naci. Karkata ta milimita 2 a kowace mita ba ta ganuwa a ƙaramin hoto, amma a bana mai mita 10 ta zama santimita 2, kuma tun kafin a kai can fileks zai fara tattarewa a gefe, ya kumbura, kan inji, wato ɓangaren da ke fesa tawada, ya goge shi, tawada ta yi jirwaye a kan sunan mai aiki. Fileks ya tafi, tawada ta tafi, wani lokaci har kan injin ya lalace, alhali yana cikin kayan da suka fi tsada a jikinsa.

Don haka mu maimaita: a ɗaga tayoyi, a jawo da hannu biyu, a mayar baya har ya ɗame, a duba gefe, sannan a sauke. Bayan an sauke, ku danna maɓallin da ke turo fileks gaba ya fito mita biyu babu bugu, idonku a kan gefensa. Idan yana matsawa dama ko hagu, ku ɗaga tayoyin ku koma farko. Wasunku suna tsallake wannan gwaji saboda mai aiki yana tsaye yana jira, kuma gaskiya wannan ganganci ne. Wanda ya jira minti biyar ba zai yi fushin wanda aka ce masa ya dawo gobe ba. Duk wanda bai duba gefe ba, kada ya taɓa kwamfuta.

Darasi na 3: Tawada da gwaji

Tawada kala huɗu ce: shuɗiya, ja mai haske, rawaya da baƙa. Ku leƙa kowace kwalba, domin idan ɗaya ta ƙare a tsakiyar aiki launin bana zai rabu biyu. Ku buga gwajin kan inji, idan layukan sun yanke ku wanke kan ku sake gwadawa. A lokacin hunturu ku share ƙurar da ke kan fileks da tsumma mai tsabta.

Darasi na 4: Bugawa

Ku tura aikin ta manhajar Maintop ko wadda shagonku yake amfani da ita. Idan wutar gari ba ta da tabbas, ku tayar da janareto tun farko. Kada ku naɗe bana sai tawada ta bushe.