Yadda za ka ga abin da ke riƙe jikin tana ba tare da ƙashi ba

Tana, tsutsar nan da ke fitowa bayan ruwan sama, ba ta da ƙashi ko ɗaya. Ruwan da ke cikinta ne ke tsayar da jikin, kuma minti 10 sun isa ka gani da idonka.

Nemo tsutsa babba mai rai, da takarda, da gilashi mai faɗi, da rula, da ruwan sama kaɗan.

Ɗan jiƙa takardar ka ɗora tanar a kai, ka duba zobban da suka jeru a jikinta. Tana babba takan kai zobe 100 zuwa 150. Kowane zobe ɗaki ne cike da ruwa, tantani ya raba shi da na kusa. A bangon jikin akwai tsoka iri biyu: mai zagaye jiki, da mai bin tsawonsa. Ruwa ba ya matsuwa, sai dai ya sauya siffa, kamar balan-balan da aka cika da ruwa. Don haka idan tsokar zagaye ta matse, zoben zai sirance ya yi tsawo. Idan ta tsawo ta ja, zai gajarce ya yi kauri. Aza rula gefenta ka auna lokacin miƙewa da lokacin takurewa. Idan tsawo ya ninka biyu, kauri zai ragu da kusan kashi 30 cikin 100.

Amfanin tantanin nan babba ne. Saboda shi gaba ke miƙewa alhali baya na takure, kuma in zobe ɗaya ya huje sauran na iya ci gaba da aiki.

Yanzu shafa cikinta da jiƙaƙƙen yatsa daga wutsiya zuwa kai. Kaushin da ka ji gajerun gasu ne masu tauri, galibi 8 a kowane zobe, da su take kama ƙasa. Mayar da ita kan jiƙaƙƙen gilashi: za ta yi ta miƙewa da takurewa amma tafiyar ba ta sauri, don gasun ba su sami abin kamawa ba.

Da fata take numfashi, in ta bushe za ta mutu, sai ka riƙa ɗiga mata ruwa. Gishiri na zuƙe ruwan jikinta, jikin ya yi laƙwas, saboda haka wanke hannu kafin ka taɓa ta. Kada ka aje ta a rana, kada kuma ka fizge ta daga rami, za ta tsinke. Da ka gama, mayar da ita ƙasa mai danshi.