Yadda za ka hana zaruruwa cakuɗa maka rubutu a Java

Ranar da na ga saƙon da ya fita yana cewa "Malam Hajiya ana bin ana bin ki ka N4,500", na ɗauka layin waya ne ya yi ɓarna. Ashe aikina ne. Manhaja ce na rubuta wa wani mai shago, tana tunatar da abokan ciniki bashin da ke kansu, zaruruwa takwas (threads, wato layukan aiki da manhaja ke gudanarwa gefe da gefe) na aiki lokaci guda, kowane zare da mutumin da yake rubuta wa. Ni kuma wai don tsimin ƙwaƙwalwa, sai na ajiye StringBuilder (ma'ajin da ake harhaɗa rubutu a ciki) guda ɗaya a matsayin static, wato na tarayya, kowa na zubawa a ciki. Almajirai takwas da alƙaluma takwas a kan allo ɗaya.

Fara da sanin abin da kake riƙe da shi. String, wato rubutu, a Java ba ya canzawa bayan an ƙirƙire shi. Ko ka kira replace ko toUpperCase, sabo ake ƙera maka, tsohon na nan yadda yake. Don haka miƙa String ga zare ɗari ba matsala. Inda mutane ke faɗawa shi ne manunin da ke nuna shi, wato variable ɗin da ke riƙe da shi. Layi kamar sako = sako + "x" aiki uku ne a dunƙule: a karanta, a haɗa, a mayar. Zare biyu sukan karanta tsohon tare, kowa ya haɗa nasa, na ƙarshe ya shafe aikin na farko, kuma babu wani kuskure da zai fito ya gaya maka.

In zare ɗaya ne ke maye gurbin rubutun gaba ɗaya, saura karatu kawai suke, sa wa manunin volatile, alamar da ke sa kowane zare ya ga sabon abin da aka ajiye, ya wadatar. In kuwa da yawa ke son yin ƙari a kan abin da ke ciki, ɗauki AtomicReference, manunin da ke hana aikin wani ya shafe na wani, ka yi aiki da updateAndGet, wanda ya zo tare da Java 8 a 2014. Amma ka kula: in an yi karo yakan maimaita aikin da ka ba shi, don haka kada ka saka tura saƙo ko cire kuɗi a ciki.

StringBuilder kuwa, tun da aka kawo shi a Java 5 a 2004, ba a sa masa kwaɗon da ke hana zare biyu shiga lokaci guda ba, da gangan, don ya yi sauri. Yana farawa da gurbin haruffa 16, in ya cika ya nemi wuri mafi girma ya kwashe kayansa. Zare ɗaya na tsakiyar kwasa, wani ya zo zubawa, sai ka ga ArrayIndexOutOfBoundsException daga wurin da ba ka taɓa zato ba. Mu masu rubuta Hausa muna da ƙarin wani abu. Daga Java 9, rubutun da haruffansa duk na Latin-1 ne (rukunin haruffan Turanci da na harsunan yammacin Turai) ana ajiye shi bayit ɗaya kowane harafi. Ƙ, ɗ da ɓ ba sa cikin wannan rukuni, don haka da zarar "kuɗi" ya shigo, sai a sake shimfiɗa ma'ajin duka zuwa bayit biyu-biyu. Wannan ma wata ƙofa ce ta karo, wadda mai gwaji da Turanci zalla ba zai taɓa buɗewa ba.

Abin da na fara yi shi ne abin da kowa ke yi: na canza zuwa StringBuffer, tunda shi kowane append nasa a kulle yake. Faɗuwar ta daina, cakuɗar ba ta daina ba. Dalili kuwa, yana kulle kira ɗaya ne ya saki. Tsakanin zuba suna da zuba adadin kuɗi, ƙofa a buɗe take. In dole sai an yi tarayya, tattara dukkan matakan a cikin synchronized guda, wato shingen da zare ɗaya kaɗai ke shiga a lokaci guda, kuma kwaɗon ya zama private final Object naka na kanka. Kada ka kulle a kan rubutu irin "kulle", domin Java na tara irin waɗannan a rumbu ɗaya. Wani can a wani sashe da ya rubuta kalmar nan, kwaɗo ɗaya kuke riƙe ba ku sani ba.

Ni dai a ƙarshe raba su na yi. Kowane zare ya buɗe StringBuilder nasa a cikin aikin da yake yi, ya gama, ya kira toString, ya jefa gamammen saƙon cikin LinkedBlockingQueue, wato layin jira da aka ƙera don tarayyar zaruruwa, zare ɗaya tak na ɗauka yana turawa. Tsimin da na yi ta tunani bai kai ya kawo ba.

Kafin ka yarda da gyaranka, gwada. Ta da zaruruwa takwas, ka tsare su da CountDownLatch don su tashi tare, kowanne ya zuba harafi ɗaya sau 100,000 a ma'ajin da suke tarayya a kai, ka sa ƙ a cikin haruffan. In length, wato adadin haruffan, bai ba ka 800,000 ba, da sauran aiki. In ya ba ka, maimaita sau ashirin kafin ka tashi.