Kurakuran da Aka Fi Yi Wajen Shirya Gasar Zane da Aikin Hannu a Makarantun Firamare, da Hanyoyin Gyara Su

Duk makarantar firamaren da ta ɗauki ɗawainiyar shirya wa ɗalibanta gasar zane da aikin hannu ta cancanci yabo, domin darasin al'adu da fasahar ƙirƙira, duk da cewa yana cikin manhajar karatun shekara 9 na farko da NERDC, hukumar bincike da bunƙasa ilimi ta Nijeriya, ta tsara, shi ne darasin da aka fi saurin cinye lokacinsa da zarar jarrabawa ta ƙarato. Na halarci irin wannan gasa sau da dama, wani lokaci a matsayin alƙali, wani lokaci a matsayin uba, kuma abin da na lura da shi shi ne yawancin kurakuran tushensu ɗaya ne: manya sukan karɓe gasar daga hannun yara, sau da yawa ba tare da sun ankara ba.

Kuskure mafi muni shi ne a ce wa yara su je gida su yi aikin su kawo. A wata makaranta na ga zanen masallaci da aka ba wa lambar farko a rukunin 'yan aji 2, an fitar da inuwar hasumiya, an ƙanƙanta ƙofofin da ke nesa yadda sai wanda ya koyi zane ne yake iyawa. Da na tsuguna na ce wa yarinyar, "'Yata, wane launi kika fara sawa?" sai ta sunkuyar da kai, can ta ce yayanta ne ya sani. A ƙarshen teburin kuwa akwai motar kara da wani yaro ya ƙera, ya yanko tayoyinta daga tsohon silifa, ya soke su da tsinke yadda suke juyawa, har ya yi mata ƙofa mai buɗewa, amma babu wanda ya waiwaye ta. An cuci yaron, an kuma cuci yarinyar, domin an koya mata karɓar yabo a kan abin da ba ta yi ba. Gyaran wannan shi ne a yi aikin a makaranta, a ɗaki ɗaya, cikin lokacin da aka ƙayyade, misali sa'a ɗaya ga ƙanana da sa'a biyu ga manya. Aikin da ke bukatar kwanaki, kamar ginin yumɓu da sai ya sha iska ko saƙar faifai, sai a riƙa ajiye shi a ofis kullum bayan an tashi, a ci gaba washegari. Ya kamata kuma a musanya masu sa ido, kada malami ya kula da 'yan ajinsa, saboda malamin da ke son ajinsa ya yi nasara yakan kasa daurewa, ya karɓi fensir ya ce bari ya gyara layi ɗaya kawai.

Mai kama da wannan shi ne malami ya zana gida ko kofi a allo ya ce kowa ya kwafa. Za a tattara takardu 40 masu gida iri ɗaya da taga biyu, a ƙarshe a ba wa wanda ya fi iya kwaikwayo kyauta. Abin da ya dace shi ne a ba da jigo mai faɗi daga rayuwar yaran, kamar ranar kasuwar garinmu, ko damina a unguwarmu, ko hawan sallah, sannan a yi hira da su na ɗan lokaci kafin su fara, a tambaye su abin da suka gani da abin da suka ji, a bar allo babu komai a kansa.

Sai haɗa ɗan shekara 6 da ɗan shekara 11 a ma'auni ɗaya. Masanin koyar da zane Viktor Lowenfeld ya bayyana tun a 1947 cewa zanen yara yana bin matakai. Tsakanin shekara 4 zuwa 7 yaro yakan zana mutum da ƙaton kai, ƙafafu suna fitowa daga kan kai tsaye, abubuwa kuma suna yawo a takarda. Daga 7 zuwa 9 sai ya ja layi a ƙasa ya jera komai a kansa, ya shafa shuɗi a can sama a matsayin sararin samaniya, har yakan zana ɗaki ana hango mutanen da ke cikinsa ta bango. Daga 9 zuwa 12 ne yake fara kwatanta zanensa da zahiri, kuma a nan ne yara da yawa suke yanke wa kansu hukuncin cewa ba su iya ba, su daina. Alƙalin da bai san wannan ba zai rage wa ƙaramin yaro maki saboda ya zana mahaifiyarsa ta fi ɗaki tsawo, alhali yaron yana nuna wanda ya fi muhimmanci a wurinsa ne. A raba gasar rukuni 3: aji 1 da 2, aji 3 da 4, aji 5 da 6. Manyan gasannin duniya ma haka suke yi. Gasar zanen motar mafarki ta kamfanin Toyota tana ware 'yan shekara 7 zuwa ƙasa daban, 'yan 8 zuwa 11 daban, 'yan 12 zuwa 15 daban.

Akwai kuma ƙuntata ma'anar fasaha ga farar takarda da fensir mai launi, wanda a ganina babbar asara ce a ƙasar da yaro ke tashi yana ganin marina da dukawa da masassaƙan ƙwarya da masu zanen bango. Ladi Kwali, wadda hotonta ke bayan takardar naira 20, a gida ta koyi ginin tukwane tun tana ƙarama, kafin ta shiga cibiyar koyar da ginin tukwane ta Abuja, wato Suleja ta yanzu, a 1954. Idan aka buɗe ɓangaren yumɓu, da na kaba, da na kara, da na ɗinkin zare da allura, an warware matsaloli uku a lokaci guda. Ɗan talaka ba zai janye don ubansa ya kasa sayen fenti ba. Yaron da ba ya gani zai iya shiga da hannunsa. Iyayen da ba sa son 'ya'yansu su zana abu mai rai saboda dalilin addini, waɗanda ya kamata a mutunta ra'ayinsu, za su ga akwai zayyana irin ta allon sauka, da dagi, da zanen gine-gine da tsirrai. A ɓangaren takarda kuwa, makaranta ce ya kamata ta raba kayan aiki iri ɗaya ga kowa, ko da fensir da launi 6 ne kawai, don kada gasar ta koma ta wanda ya fi tsadar akwatin launi. Idan za a sa waƙa ko wasan kwaikwayo ko tatsuniya, a ba su nasu alƙalan da tasu kyautar. Reza da wuƙa da gam mai ƙarfi kuma su tsaya a hannun malami.

Wajen alƙalanci, abin da aka fi yi shi ne a ɗauko duk malamin da ba shi da darasi a wannan lokaci, ya zagaya ya nuna wanda ya fi tsafta. Tsafta abu ne mai kyau, amma zanen da babu ko ɗigon datti a jikinsa yakan kasance na yaron da ya ji tsoron gwada wani abu. A rubuta ma'auni tun kafin gasar, a karanta wa yara da iyaye: sabon tunani, dacewa da jigo, amfani da kayan aiki, kammalawa, tare da ba wa sabon tunani kaso mafi tsoka. A sa alƙalai 3, aƙalla ɗaya daga wajen makaranta, kuma babu laifi ya kasance baduku ko magini daga cikin gari, domin su ne suka san wahalar aikin. A rubuta lamba a bayan kowane aiki maimakon suna, kowane alƙali ya ba da makinsa shi kaɗai kafin a haɗa, saboda idan sunan ɗan shugaban ƙungiyar iyaye da malamai yana gaban takarda, ko an yi adalci za a yi zargi. Bayan an fitar da na gaba-gaba, sai a kira yaran su yi bayanin aikinsu da bakinsu.

Batun kyauta yana bukatar natsuwa. A 1982 masaniyar halayyar ɗan Adam Teresa Amabile ta wallafa wani gwaji da ta yi a Amurka da 'yan mata masu shekara 7 zuwa 11, inda suka yi aikin manna takardu masu launi. An gaya wa kashi ɗaya cewa waɗanda suka fi iyawa ne za su sami kyauta, ɗaya kashin kuma an ce ta hanyar ƙuri'ar sa'a za a raba kyautar, ba don iyawa ba. Da masu zane suka duba ayyukan, sai suka ga na waɗanda ba su yi takara ba sun fi nuna ƙirƙira. Wannan bai sa na ce a daina gasa ba, amma ya isa ya hana mu sa keke ko kuɗi mai yawa a gaban yara 200 alhali mutum ɗaya ne zai ɗauka. A rage girman kyautar farko, a yawaita ƙanana, a sa su zama kayan aikin da yaro zai ci gaba da amfani da su, kamar littafin zane da launuka da almakashin yara. A ba wa duk wanda ya shiga takardar shaida, a kuma ware yabo na musamman ga wanda ya fi sarrafa launi, da wanda ya fi amfani da kayan da aka yar, da aikin haɗin gwiwa mafi kyau. Kada a taɓa karanta sunan wanda ya zo na ƙarshe.

Ranar bikin ma tana da nata kuskuren. Akan kafa rumfa ga manyan baƙi, a bar yara a rana suna sauraron jawabai har azahar, ayyukan da aka taru dominsu kuma suna jibge a kwali a ofishin hedimasta. A taƙaita jawabi, a ɗaura igiya a baranda a rataya kowane aiki daidai tsayin idon yaro, kowa ya tsaya kusa da nasa ya yi wa iyaye bayani. A zaɓi lokacin da ya yi nesa da jarrabawa. Makon Ranar Yara ta 27 ga Mayu ya dace da makarantu da yawa a Nijeriya. Bayan an watse, a bar ayyukan a bango na mako 2, sannan malamin aji ya rubuta jimla ɗaya a bayan kowane zane yana faɗin abin da ya burge shi a ciki, ya sa kwanan wata, ya mayar wa mai shi ya kai gida.