Kurakuran da aka fi yi wajen sarrafa bayanan iskar da ke ɗumama duniya

Babbar matsalar aiki da ma'aunin iskar CO2 da mitan ita ce manhajar da ake amfani da ita ba ta yin ƙorafi. Ko da manhajar pandas aka buɗe fayil, ko da xarray, ko da Panoply na hukumar NASA, za ta zana jadawali mai kyan gani ko da lissafin da ke ƙarƙashinsa ya gurɓace tun daga layin farko.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne barin lambar da aka cike gurbi da ita ta shiga lissafi. A fayilolin rubutu na hukumar NOAA ta Amurka mai kula da teku da sararin sama, inda babu awo ana sanya lamba irin -999.99, pandas kuwa ba ta san ma'anarta ba sai an faɗa mata ta hanyar zaɓin na_values, inda ake lissafa lambobin da ke nufin babu awo. Mutum ya ɗauki awon CO2 goma, kowanne ppm 420 (ppm na nufin kashi cikin miliyan), sai gurbi ɗaya ya shigo cikinsu, nan take matsakaicin ya sauko kusan 291, wanda ya yi kama da iskar farkon zamanin masana'antu, shi ya sa mai gaggawa ba zai lura ba. Maganinsa a karanta bayanin saman fayil, layukan da suka fara da alamar #, kafin a taɓa komai.

Sai alamar inganci, wadda a ganina aka fi wulaƙantawa. Samfuran iskar da NOAA ke tarawa cikin kwalabe suna zuwa da alama mai gurbi uku. Ɗigo uku na nufin awon lafiya yake. Harafi a gurbin farko na nufin an ƙi shi, a jefar. Harafi a gurbi na biyu kuwa na nuna awon ingantacce ne, amma bai wakilci iskar sararin duniya ba, wataƙila hayaƙin kusa ya shiga. Wanda ke nazarin gurɓatar gari zai iya buƙatar irin wannan awon, wanda ke neman yanayin duniya baki ɗaya dole ya cire shi. A taurarin ɗan adam ma haka abin yake: fayilolin tauraron OCO-2 da aka harba a 2014 suna da alamar xco2_quality_flag, inda 0 ke nufin mai kyau, bayanan mitan na na'urar TROPOMI da ke kan wani tauraro kuma ana tace su da makin inganci qa_value sama da 0.5.

Rikicin raka'a ba ya buƙatar dogon bayani: CO2 da ppm ake faɗinsa, mitan da ppb (kashi cikin biliyan), wasu fayiloli masu tsarin netCDF kuma da mol/mol suke ajiye darajar, sai an ninka da miliyan kafin ta zama ppm.

Abin da ya fi ɓuya shi ne sikelin gwaji, wato mizanin da ake daidaita na'urorin awo da shi. Hukumar yanayi ta duniya ta sauya sikelin CO2 daga X2007 zuwa X2019, bambancinsu bai kai rabin ppm ba, amma wanda ya haɗa tsohon fayil da sabo zai ga tsalle a jadawalinsa ya ɗauka iska ce ta canza. Haka nan ba a kwatanta XCO2 na tauraro, wanda matsakaici ne na dukan tsayin sararin sama, da awon tashar ƙasa kamar ta Assekrem a tsaunukan Ahaggar na Aljeriya, ba tare da gyaran lissafi ba.

Lokaci kuma da UTC, agogon duniya na bai ɗaya, ake rubuta shi, Hawaii na bayansa da awa 10, don haka mai tace awon dare a tashar Mauna Loa da ke can da agogon fayil zai kwaso na rana. A tashar nan, inda Charles Keeling ya fara awo a 1958, CO2 kan kai ƙololuwa a watan Mayu ya sauka wajen Satumba ko Oktoba, da tazarar kusan ppm 6, wadda ta zarce ƙaruwar shekara guda. Saboda haka idan ana neman ƙaruwar, Mayu da Mayu ake kwatantawa, ko a cire juyin yanayin shekara da manhajar CCGCRV ta NOAA tukuna.