Yadda 'yan makaranta za su tattara tarihin garinsu

Da farko ku zaɓi abu ɗaya tare da malaminku: tsohon gini, ko asalin sunan unguwa. Tarihin gari duka ya fi ƙarfin aji guda.

Sai ku nemi dattawa, har da tsofaffin mata, don sun fi riƙe wa ya haifi wa. Ku gaisa, ku nemi izini kafin ku ɗauki muryarsu a waya. In shekara ta ɓace wa tsoho, kada ku matsa masa. Ku tambaye shi abin da ya faru a lokacin, fari ko ambaliya, daga nan a lissafo.

Ku ji bakin mutum biyu aƙalla. In sun saɓa, ku rubuta duka.

Sannan ku liƙa bayanin a bangon aji, ku gayyato dattawan su duba su gyara.